Tambayi Injiniya: Ina so in tare ƙasar bayan gidana, amma hanyar ruwa da turken wuta sun riga ni wurin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, gidana yana Unguwan Dosa a nan Kaduna. Filin ƙafa 50 ne ta 100. Gabansa yana kan tudu, bayansa kuma ya gangara ya faɗa wani lungu da ruwan unguwa yake bi da damina. Ba kwata ce ta siminti ba, ruwan ne ya yi wa kansa hanya, kuma a cikin lungun akwai turakun wuta guda 2. A taswirar da safiyo ya ba ni, an ja wani layi mai ɗigo-ɗigo ƙafa 10 daga iyakata ta baya, an rubuta cewa an bar wurin ne domin magudanar ruwa da kayan gwamnati irin su wuta da famfo. Amma duwatsun iyakata suna can bayan layin, wato wurin yana cikin filina.

Bana ruwa ya ci gindin katangata har harsashinta ya fito fili. Birkilan da yake mini aiki ya ce mu rushe ta, mu ja sabuwa daidai kan duwatsun iyaka da bulo mai inci 9, a cika cikinsa da kankare, tsayinta ƙafa 6, sannan a zuba jar ƙasa a bayanta har ta yi daidai da tsakar gida. Ya ce da haka zan samu wurin ɗaki biyu, ga shi kuwa babban ɗana zai yi aure bayan sallah. Shin doka ta yarda, tun da dai filina ne? Bulon zai riƙe? In kuma wata rana aka zo rusau, za a biya ni diyya?

Daga wani malami mai ritaya, Unguwan Dosa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sanya alheri a auren, ya nuna mana lokacin. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ka ja katangar nan a kan duwatsun iyaka, kuma kada ka yarda a yi ta da bulo yadda birkilanka ya tsara. Matsala biyu ce ya haɗe maka wuri ɗaya, ta wurin da ta ginin, kowace ɗaya kuma ita kaɗai ta isa ta cinye maka kuɗin sallama.

Gaskiyarka ce, ƙafa 10 ɗin nan tana cikin filinka. Ba wanda zai zo ya kafa shago a wurin ya ce nasa ne, kuma ranar da za a sayar da gidan har da ita za a auna. Sai dai mallaka ce mai sharaɗi. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ni da kai muke riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99 in gidan zama ne, kuma izinin yana tafe da duk abin da aka zana a taswirar unguwa. Layin ɗigo-ɗigon nan cewa yake yi ruwan mutanen da ke sama da kai yana da haƙƙin wucewa ta nan, masu wuta da masu famfo kuma suna da haƙƙin shigowa su haƙa, su gyara, su sauya turke, ba sai sun roƙe ka ba. Kana iya share wurin, ka yi shuka, ka shanya kaya, ka ɗaure ragon layya. Abin da zai tare ruwa ko ya hana ma'aikata shiga ne ba ka da iko a kansa, katanga mai ƙafa 6 da cikon ƙasa a bayanta kuwa ta haɗa duka biyun.

Ofis biyu za ka taka kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya. Hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye da taswirar unguwanni, a nan za ka tabbatar ko abin da ke hannunka ya yi daidai da abin da ke wurinsu, domin wani lokaci faɗin da aka ware ya fi wanda mai fili yake zato. Hukumar tsara birane, KASUPDA, kuma ita ke ba da izinin gini, kuma a idon doka katanga ma gini ce, ballantana wadda za ta sauya tsayin ƙasa da hanyar ruwa. Ka je da taswirarka da hotunan wurin da zanen injiniya, duk abin da aka amince maka kuma ka karɓe shi a rubuce, da hatimi. "Ba komai Baba, je ka yi" da wani ya faɗa maka a bakin ƙofa ba za ta tsaya maka ba ranar da aka sauya shi daga kujerar.

Maganar diyya gajera ce. Ana biyan diyya ne idan gwamnati ta karɓe fili domin amfanin jama'a, a kan abin da aka gina bisa ƙa'ida. Ginin da ba shi da izini, a wurin da takardarka da kanta ta nuna an ware, ba ka da bakin nema. Na san abin da za a ce maka a majalisa bayan la'asar: ai duk layin kowa ya ci nasa, ba wanda ya ce uffan. Duk wanda ya zauna a garin nan tun da aka ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019 ya ga gine-ginen da suka yi shekaru ba wanda ya tanka musu, rana ɗaya aka wayi gari da jan fenti a jikinsu.

To mu ajiye hukuma gefe, mu ce ba za ta taɓa zuwa ba. Ruwan zai zo. Kaduna tana samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa kuma a dunƙule yake sauka tsakanin Yuli da Satumba. Yi wannan lissafin da ni, tun da malami ne kai. Fili mai ƙafa 50 ta 100 murabba'in mita 465 ne ko kusa da haka. In aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, abin da ya sauka a filinka kaɗai ya kai lita 23,000, wato ya haura duro 100 na lita 200. A da, sa'ad da bayan unguwar gonaki ne, ƙasa tana shanye kaso mai yawa. Yanzu rufin kwano ne da daɓen siminti da intalok, kusan duk abin da ya sauka titi yake fitowa. Ka tsaya a bakin lungun ka ƙirga gidajen da ke sama da kai waɗanda ruwansu nan yake biyowa, ka ninka. Wannan shi ne abin da birkilanka yake so ya matse.

Idan aka rage wa ruwa faɗin hanya, abu biyu yake yi: ya ƙara tsayi, ya ƙara gudu. Gudun ne yake ƙwaƙule ƙasa, kuma inda zai fara ƙwaƙulewa shi ne gindin sabuwar katangarka, daidai yadda ya yi wa tsohuwar, sai dai wannan karon akwai tulin ƙasa a bayanta yana jiran ta ɗan karkata. Tsayin kuma maƙwabcinka na ƙetaren lungu ne zai sha shi, domin ka ɗaga naka gefen ƙafa 6, nasa yana nan yadda yake. Mutanen Kigo Road da Kabala Costain da suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 za su ce maka kogi ne ya cika, haka ne. Amma yawancin gidajen da nake zuwa dubawa bayan damina nesa suke da Kogin Kaduna. Ƙaramin lungu ne irin naka, wani ya ci taku biyu, na gaba ya ci taku uku, har ruwan ya rasa ta inda zai bi sai ta cikin ɗakin wani.

Sai turakun wuta. Ka ɗaga kai ka duba mini. In wayoyi huɗu ne a jere, ɗaya a saman ɗaya, wannan ƙaramin layi ne mai shiga gidaje. In kuwa uku ne a kan ƙarfe ko katako da aka gicciya a ƙolin turke, kowace a kan kofin tangaran, to babban layi ne mai ƙarfin KV 11 ko 33 (KV ma'aunin ƙarfin wuta ne), kuma ƙa'idar da NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, take nanatawa ita ce a bar masa faɗin mita 11, wato 5.5 ta kowane gefe, ba gini a ciki. Manyan layukan TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, irin waɗanda suke shiga tashar Mando sun fi haka: mita 30 ga mai KV 132, mita 50 ga mai KV 330. In naka mai waya uku ne, ka ga ashe ba ƙafa 10 kaɗai ake magana ba, ɗakunan da kansu sai an sake musu wuri. Ko da ƙaramin layin ne, ka tuna cikon ƙafa 6 ya matso da kan mutum kusa da waya da ƙafa 6, in aka ɗora ɗaki a kai kuma mai buga kwano yana iya miƙa hannu ya taɓa ta. Rodi kuwa tsawonsa mita 12 ne, lebura ya ɗaga shi tsaye a ƙarƙashin waya ba sai na ƙarasa ba. Ga kuma haƙan harsashi a gindin turke: kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon turke ne kawai yake binne, in ka kwashe ƙasar gefe ɗaya, nauyin wayoyin ya isa ya kwantar da shi. Ka sanar da ofishin Kaduna Electric na yankinku kafin a sa diga a ƙasa. Haka bututun famfo, a fara da ɗan ramin gwaji da hannu a wuri biyu ko uku a ga abin da ke ƙasa, kada a kira injin haƙa.

Yanzu ginin kansa, wanda shi ne ya fi damuna, domin ko ka ja baya sai ka tare ƙasar nan da wani abu. Birkilanka ya saba da katangar zagaye gida, wadda ba ta ɗauke da komai sai nauyin kanta da ɗan iska. Katangar tare ƙasa kuwa ana tura ta ne daga gefe dare da rana, kuma turin yana ƙaruwa fiye da yadda ido yake zato. In ka ninka tsayi sau 2, turin ya ninku sau 4, ƙarfin da ke neman kifar da ita kuma sau 8. Shi ya sa birkila zai rantse maka ya yi irinta a wani gida ta shekara goma ba ta motsa ba, kuma gaskiya yake faɗa, sai dai waccan ƙafa 3 ce.

A tsayin ƙafa 6, in ƙasar da ke baya tana tsiyaye ruwanta, kowace mita ɗaya ta tsawon katangar tana fuskantar turin kusan tan 1. In ruwa ya taru a bayan ya rasa mafita, turin ya haura tan 2. Bayan filinka ƙafa 50 ne, kusan mita 15, ka ga ana maganar tan 30 da ɗoriya a jikin bangon da kaurinsa inci 9, tun ba a ɗora ɗakuna ba. Cika bulo da kankare yana ƙara masa nauyi, amma ba ya ɗaure shi da harsashi. Irin wannan katangar ba ta farfashewa bulo-bulo, gaba ɗayanta take kifawa daga layin farko ko na biyu, yawanci cikin dare, a ruwa na uku ko na huɗu a jere, sa'ad da jar ƙasar ta gama ƙoshi. Jar ƙasarmu tana yaudarar mutane. Da rani sai diga ta yi tsalle a kanta, da damina kuma ta riƙe ruwa ta yi laushi.

Ga abin da zan yi in gidana ne. Zan ja katangar baya ta tsaya a kan layin ɗigo-ɗigo ko ma ɗan ciki, har da harsashinta, kada yatsa ɗaya ya leƙa cikin wurin da aka ware. Zan yi ta da kankare mai rodi, a siffar mutum zaune ya miƙe ƙafa: bango a tsaye, faffaɗan gindi a kwance ya shiga ta ƙarƙashin cikon ƙasar, ta yadda nauyin ƙasar da kansa yake danne gindin ya hana bangon kifawa. Faɗin gindin yakan kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayin katangar, a naka ke nan wajen mita 1 zuwa 1.2. Zurfinsa kuma ya wuce ƙasan lungun da ruwa yake bi, ba a daidai da shi ba. Manyan rodin suna zama ne ta ɓangaren da ke kallon ƙasa, su lanƙwaso daga cikin gindi su hau bango ba yankewa. Wannan wurin masu ɗaurin rodi suke yawan juya shi, su sa ta waje, ko su dasa a tsakiya. Girman rodi da tazararsa ba zan ba ka a shafin mujalla ba, sai wanda ya zo ya ga ƙasar. Duk katangar da za ta tare ƙasa ta wuce ƙafa 4, ka nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zana ya sa hatiminsa. Ko ba komai sai da zanen za a karɓi takardarka.

Ranar zuba kankare ka sa kujera ka zauna a wurin, Baba. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa, in dai injiniya bai rubuta wanda ya fi haka ƙarfi ba. Ka ƙirga da idonka, kuma ka hana su tsinka shi da ruwa don ya yi sauƙin zubawa. Ka duba an saka 'yan guntayen simintin nan da suke kira biskit tsakanin rodi da katako, domin rodin ya samu rufin kankare na wajen inci 2, in ba haka ba danshin ƙasa zai sa ya yi tsatsa ya fasa bangon daga ciki. Da rani ake wannan aiki, daga Nuwamba zuwa Maris, amma hunturu yana busar da kankare kafin ya nuna, sai a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Kankare yana kai ƙarfin da aka auna masa ne a kwana 28, don haka kada tifar ciko ta zo washegarin cire katako.

Abin da ya fi rodi muhimmanci, kuma shi ne ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙasa, shi ne hanyar fitar ruwa. A jera bututun roba mai inci 2 zuwa 3 su ratsa bangon a ɗan sama da gindi, tazarar mita 1 zuwa 1.5 tsakaninsu, bakin waje ya ɗan sunkuya. A bayan bangon, daga ƙasa har kusa da sama, a zuba tsakuwa zalla mai kaurin ƙafa 1, ba jar ƙasa ba, ba ɓaraguzan tsohuwar katanga ba. Tsakanin tsakuwar da cikon a shimfiɗa ƙyallen robar nan mai tace ƙasa da masu aikin hanya suke amfani da shi, don kada laka ta toshe tsakuwar cikin shekara biyu. Cikon kansa a zuba shi inci 6 zuwa 8, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara, ba tifa ta juye lebura ya baje ba. Na sha zuwa gida in tarar an saka bututun daidai, sai mai yaɓe ya zo daga baya ya liƙe bakinsu da siminti wai don bango ya yi kyau, ko maigida ya cusa tsumma wai ɓeraye suna shiga. In ɓera ne damuwar, raga ake sawa.

Abu biyu kuma kada su kusanci bayan katangar: sokawe da indararo. Ramin sokawe a cikin ciko tamkar ka kafa famfo ne yana shayar da ƙasar rani da damina. Ruwan rufi kuma a kama shi da bututu a kai shi lungu kai tsaye, a zuba duwatsu a inda yake faɗuwa.

Ita ƙafa 10 ɗin ba asararta ka yi ba, kuma ba za a bar ta ruwa ya ci gaba da ci ba. Da izinin hukuma ana iya kwantar da gangaren a jera masa dutse da siminti, ko a sa kejin waya da ake cikawa da duwatsu, wanda ruwa yake ratsawa kuma ana iya ɗage shi in masu gyara sun zo. Dutse ba ya wahalar samu a Kaduna. A saman gangaren ka dasa jema a layi, saiwarta tana nitsawa ƙasa sosai tana riƙe ta, kuma ba ta tsayin da zai dami waya. Mangwaro da darbejiya dai a'a. Ka bar 'yar ƙofa a katangar domin a riƙa fita ana kwashe leda da yashi kafin ruwan farko. In za ka ji tawa, ka tara mutanen layin ku nemi izini ku gina kwatar gaba ɗaya, domin gyaran gida ɗaya a hanyar ruwa tura matsalar yake yi ƙofa ta gaba.

Ɗakin ango kuwa, kada a ɗora harsashinsa a kan ciko, ko a jingina shi da katangar. Sabon ciko yana zama a hankali, ɗakin zai tsage, nauyinsa kuma ƙarin turi ne ga bangon. Harsashin ya nitsa har ƙasar asali. Ƙafa 90 ta rage maka, in aka zauna da mai zane zai fitar da ɗaki da falo, ko a duba ko ginin gaba zai ɗauki bene.

TAMBAYA: Injiniya, ni bazawara ce da 'ya'ya biyar a Rigasa. Filinmu na awon igiya ne, ba mu da taswira. Akwai inda ruwa yake bi tun kafin mu zo unguwar, sai maƙwabcinmu na sama ya ja katanga ya toshe shi, yanzu duk ruwan da aka yi sai ya shigo mana har ɗaki. Na yi masa magana ya ce filinsa ne. Yarana sun ce za su fasa katangar da dare. Me zan yi?

Daga wata uwa, Rigasa.

AMSA: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Ki fara da riƙe yaran nan. Ranar da suka ɗaga guduma, maganar ta tashi daga ruwa ta koma ɓarnar dukiya, ke da kike da gaskiya ki koma mai belin 'ya'ya. Ban da haka, katangar da ruwa ya taru a bayanta ba abin tsayawa a gabanta ba ce ana dukanta.

Rashin taswira bai ba shi iko ba. Hanyar da ruwa ya saba bi tun asali haƙƙi ce ta duk wanda ke kanta, a dokar ƙasa da a shari'a. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da gina hukunci a kan hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma sananne ne cewa Sayyidina Umar ya tilasta wa Muhammad ɗan Maslama ya bar hanyar ruwan Dahhak ɗan Khalifa ta ratsa gonarsa, duk da cewa gonar tasa ce. "Filina ne" ba ta zama amsa a can ba.

Abin da za ki yi shi ne tara shaida tun ruwan bai ɗauke ba. A ɗauki bidiyo da waya ana tsakiyar ruwa, a nuna inda yake taruwa a bayan katangar da inda yake karkatowa gidanki. Ki ja layi da gawayi a bangon ɗaki daidai inda ya tsaya, ki rubuta kwanan wata. Ki nemi dattawa biyu da suka san wurin kafin a yi katangar. Da waɗannan za ki je wurin mai unguwa da limamin masallacinku, kuma ki je da mafita a hannu, ba ƙorafi kaɗai ba: sau da yawa ba sai an rushe komai ba, a buɗe ƙasan katangar a saka kwalbati daidai da yawan ruwan, a yi masa kwata ya wuce. Mutum ya fi saurin yarda in ya ji ba ce masa aka yi ya yi asarar gininsa duka ba. In ya ƙi, ki rubuta takarda zuwa KASUPDA, ki kai kwafi ga hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, a buga miki hatimin karɓa a naki kwafin. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma duk waɗannan takardun ne za su yi miki magana a can. Kafin nan, a jera buhunan yashi a bakin ƙofa, a ɗaga soket da duk wata wayar wuta daga ƙasa.

TAMBAYA: Oga, ni birkila ne a Tudun Wada. An kira ni wani gida, katangar da ta tare ƙasa ta yi ciki, ta tsage a kwance a layi na uku. Maigidan ya ce in yaɓe tsagar in ƙara fila biyu ta waje. In karɓi aikin?

Daga wani magini, Tudun Wada.

AMSA: Ɗan'uwa, madalla da ka tambaya kafin ka kwaɓa siminti. Tsagar kwance a ƙasa-ƙasa tana nufin bangon ya riga ya karye a nan, saman yana juyawa ne a kanta. Yaɓe zai ɓoye ta wata biyu, filar da aka manna daga waje ba tare da nata faffaɗan harsashi ba kuma tare za su tafi, sunanka ne zai biyo baya.

Ka ce wa maigidan a kawar da yara da dabbobi da duk mai sana'a daga gindinta yau, ba gobe ba. A karkatar da duk ruwan da ke zuba a bayanta. Sannan a fara rage ƙasar daga sama, ta baya, da shebur, ba wanda zai tsaya ta gaba. Kada ka huda ta da kurfi daga ƙasa da sunan fitar da ruwa alhali ƙasar tana jiƙe. In kana so ka nuna masa da ido, ka saukar da igiya mai nauyi a baki daga saman katangar ka auna tazararta da gindin, ka kuma shafa ɗan siririn siminti a kan tsagar a wuri uku, ku dawo bayan ruwa ɗaya ku duba. In ya yarda a sauke ta a sake da zanen injiniya, karɓi aikin. In yaɓe kawai yake so, ka ce masa hannunka a cike yake.